Takobin ƙasa da wasan ƴan lakwal

Idan watan Disamba ya raba tsakiya a ƙasar Magarya da Dungas, gero ya shiga rumbu, an kakkaɓe riɗi, rake ya cika kasuwa, hunturu kuma ya kama. Ran 18 ga wata a yi sallar Jamhuriya, wadda aka kafa a 1958, ƴan lakwal su samu hutu, sannan hankalin kowa ya koma kan abu guda, wato kokowar takobin ƙasa.

Tun daga Bande har Wasa, tun daga Dogo-Dogo har Malawa, duk inda akwai telebijin za ka iske an kewaye ta, yaro da babba, ana kallon Télé Sahel. Wanda bai samu wuri ba ya kafa kunne ga rediyo. Jihohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10, a yi ta kayarwa har a bar mutum guda wanda bai taɓa ƙasa ba, a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi a gaban hukuma. A Tawa aka fara wannan gasa a shekarar 1975, zamanin Sayni Kunce, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Mutanen Damagaram har gobe ba su manta da Langa-Langa ba. Isaka Isaka na Doso kuwa a Agadas ya cika takobi na 6, a ƙarshen 2023.

To amma a tuna, kokowa ba a telebijin aka haife ta ba. A dandalin ƙauye take, bayan kaka, inda samarin wannan gari ke gayyatar na wancan, makaɗa na zuga su, ƴan mata na guɗa. Abin da hukuma ta yi shi ne ta tsayar mata da lokaci, ta gina mata fage, ta sa mata lada. Shi ya sa ta kai inda ta kai.

Akwai ƙanenta da bai samu wannan gata ba, shi ne wasan kwaikwayon yara. A ƙasashen Turai, kafin hutun Kirsimeti, ƴan makaranta kan kwaikwayi labarin haihuwar Annabi Isa, iyaye su zo kallo, kuma Kiristocin ƙasarmu na yin irinsa a majami'unsu. Mu nan, inda kusan kowa Musulmi ne, muna da namu tun kaka da kakanni: tashe cikin azumi, da yara ke shiga gida gida da gemun auduga suna kwaikwayon tsoho ko malami, a yi dariya, a ji kunya, a gyara hali. Zamanin samariya abin ya bunƙasa ƙwarai. A Damagaram aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976, wasan kwaikwayo na cikin abin da aka yi gasa a kai, kuma Yazi Dogo, wanda sunansa ya game ƙasa, malamin makaranta ne.

Yaron da ya tsaya gaban iyayensa ya faɗi magana da Hausa, ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, ya koyi abin da allo kaɗai ba ya koyarwa. Uwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, ranar nan za ta zo, ta ga mushe ido da ido, watakila ta fasa cire ɗiyarta daga aji. Wanda ya fito yaƙi da jahilci ma yana iya rubuta wa yara wasan da hannunsa.

Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, tana da hukumominta kamar Magarya. Hukumomi da shugabannin makarantu na gundumomin biyu suna iya tsayar da yini guda kafin hutun Disamba, kowace lakwal ta kawo wasanta, a ba wadda ta fi littattafai da alli. Fage dai ga shi nan, filin lakwal ne, tabarmi kuwa a aro a unguwa.