Gwajin ƙuri'a a binciken yaƙi da talauci

Hanyar binciken da ta sa Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer suka samu kyautar Nobel a 2019 ita ce gwajin ƙuri'a, wato a raba jama'a rukuni-rukuni ba tare da zaɓe ba, a tallafa wa wasu a jinkirta wa wasu, sannan a kwatanta sakamakon. A makarantu 75 na Busia da ke Kenya, Kremer da Edward Miguel sun gano cewa maganin tsutsar ciki, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya rage fashin makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake makin jarrabawa bai ƙaru ba. Duk da haka, wajibi ne kowace gwamnati ta gwada irin wannan shiri a ƙasarta kafin ta kwaikwaye shi.