Ƙuduji, furen da ke cin hatsi tun yana ƙarƙashin ƙasa

A shekarar 1818, cikin kurmin tsibirin Sumatra, aka kai wani likita ɗan Ingila, Joseph Arnold, wurin wani fure mai faɗin kusan mita guda, mai warin mushe da ke jawo ƙudaje. Shi ne Rafflesia. Ba ganye, ba saiwa. A jikin wata kurangar daji yake ɓoye yana shan abincinta, sai ya ɓullo ya yi kwanaki kaɗan ya ruɓe. Yau saran kurmi na neman ƙarar da shi, masana na ta faɗi-tashin ceto shi.

Manomin Arewa, daga Matankari har Tibiri da Kore Mai Ruwa, yana da fure mai wannan hali, sai dai shi bayansa yake son gani. Ƙuduji ke nan, wasu su ce wuta-wuta.

Irinsa kamar ƙura yake, tsiro ɗaya kan zubar da dubun-dubata. Ƙwayar takan kwanta cikin rairayi fiye da shekara 10, ko damina ta yi albarka ba ta motsi, har sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa. Nan take ta tsira, ta manne wa saiwar, ta shiga tsotso. Manomi ya ga hatsinsa ya tsumbure, ganye na ƙonewa alhali ƙasa da danshi. Kafin kyakkyawan furen nan mai ruwan hoda ya bayyana, ɓarna ta riga ta yi nisa.

A 1956 aka gano wani jinsinsa a gonakin masara na Karolina, a Amurka, hankalin masana ya tashi. A 1966 suka ware sinadarin da ke tayar da irin, daga saiwar auduga. Abin mamaki, auduga na kiransa ya tsira, amma ba ya iya kama ta. Cikin kwanaki kaɗan yunwa ta kashe shi. Amurkawa suka riƙa ɗura iskar etilin cikin ƙasa don su tayar da shi babu abin kamawa.

A Arewa wake da gyaɗa na iya yin wannan yaudarar idan ana juya shuka, ko da yake wake ma yana da nasa ƙudujin. Abin da ke ci mini rai shi ne gonar da ta gaji ya fi kamawa: ta talaka, wanda ba shi da taki, ba shi kuma da wani filin da zai koma ya bar wannan ta huta. Ko ya tuge nasa kafin ya zubar da iri, bayan girbi iska da kofaton dabbobi za su kawo masa na maƙwabci.