Gyara Tun Yana Kaki: Darasi Daga Maƙeran Krofofrom

A ƙauyen Krofofrom da ke kusa da Kumasi, har yau maƙera na zubin tagulla kamar yadda kakanninsu suka yi wa sarakunan Asante. Sukan siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu da garin gawayi, su gasa har kakin ya narke ya fita, sannan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake ganin aikin. Saboda haka babban gyara tun yana kaki ake yin sa.

Matashin Zango da ya shiga wannan sana'a yakan samu kansa cikin damuwa, domin baƙi masu saye sun fi son mutum-mutumi, alhali malamanmu sun hana ƙera siffar mai rai. Wani ma yakan ajiye aikin, yana ganin ba shi da rabo a cikinsa.

Muna tunatar da shi tarihi. Ma'aunan zinariya na farko da Akan suka zuba zane kawai gare su, babu mutum babu dabba, kuma an ɗora nauyin wasunsu bisa miskalin fatake Musulmi, wato kimanin giram 4.5. Sai wajen ƙarni na 18 siffofi suka yawaita.

Don haka wanda ya murje kakin mutum-mutumi ya mayar da shi fitila ko tasa mai ado, tushen sana'ar ya koma, kada ya raina kansa. Mu iyaye kuwa, mu sayi aikin 'ya'yanmu, mu yaba inda suka kyautata. Allah ya yi wa neman halaliyarsu albarka, amin.