Hunturu: Yadda mai ƙaramin ƙarfi zai sayi tayar mota ba tare da ya sayo hatsari ba

Da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, masu sayar da taya da masu faci a Makera da Kakuri, musamman waɗanda ke gefen Titin Kachia, sukan ga ƙaruwar ciniki. Dalili shi ne tafiye-tafiyen ƙarshen shekara, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke kama hanyar Abuja, Kafanchan ko Zariya da iyalansu.

Sai dai farashin taya ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa. Tun bayan da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, ƙasar ta dogara ne kan na shigowa. Don haka faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta bayyana kai tsaye a kan kowace taya.

Wannan ne ya sa da yawa ke komawa ga 'yar Beljiyam, wato tayar da aka riga aka yi amfani da ita a waje, duk da cewa tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su.

Batun ya wuce na kuɗi. A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa sun rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe ana cikin gudu. Idan hakan zai faru da motar minista, mai tsohuwar Golf ko Corolla ya fi cancanta ya lura.

Shekarun taya na rubuce a jikinta

A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi da ke farawa da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka rubuta wa 2523 an ƙera ta ne a mako na 25 na shekarar 2023, wato cikin watan Yuni.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa (FRSC) tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. Wasu kamfanonin ƙera taya suna ba da tazarar da ta fi haka, amma su ma suna cewa a riƙa bincikarta duk shekara bayan ta cika biyar. Roba tana bushewa ko da ba a taɓa ɗaura ta a mota ba, kuma zafin rana irin namu yana gaggauta hakan. Saboda haka ko sabuwa ce fil a leda, a duba lambar. Idan wurin ya nuna alamar an kankare ko an goge, a bar ta.

Hunturunsu daban, namu daban

Cikin tayoyin da ake kawowa daga Turai akwai waɗanda aka yi domin dusar ƙanƙara. Ana gane su da hoton tsauni mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya, ga kuma ƙananan tsage-tsage birjik a kan haƙoransu. Saboda haƙoran suna da zurfi, mai saye yakan ɗauka ya yi tsintuwa.

Robar irin wannan taya laushi gare ta, domin an tsara ta ne ta kama titi a sanyin da bai kai digiri 7 ba. A Kaduna kuwa, ko a tsakiyar hunturu rana takan ƙwalle, kwalta ta yi zafi, balle a watan Maris da Afrilu. A nan sai ta cinye da wuri, kuma mota takan ƙara nisa kafin ta tsaya idan aka taka birki.

Abin dubawa a wurin ciniki

Da farko girma: lambobi irin su 195/65 R15 dole su dace da abin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba. Bayansu akwai lambar nauyi da harafin gudu. Misali 91H na nufin tayar za ta ɗauki kilo 615, kuma iyakarta kilomita 210 a awa. Ɗan kasuwar da ke loda buhuna a but kada ya karɓi lambar da ta gaza wadda aka ƙayyade.

Sai zurfin haƙori. Mafi ƙarancin da aka yarda da shi shi ne milimita 1.6, kuma akwai 'yan ƙananan tudu a cikin ramukan da ke nuna wannan iyaka. Idan haƙorin ya yi daidai da tudun, tayar ta suɗe. Wasu sukan sake yanka ramukan su shafa mata baƙin mai ta yi ƙyalli, don haka a sa hannu a shafa, a leƙa cikinta a nemi faci, ƙari ko tsagewa. Faci ko kumburi a gefen taya ba ya gyaruwa.

Ko a sababbi akwai abin lura. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki (SON) ta sha gargaɗi kan masu cusa tayoyi cikin juna domin rage kuɗin kwantena, abin da ke lanƙwasa wayoyin da ke cikinsu. Tayar da bakinta ya karkace ko ba ta zama da'ira sosai ba abar tuhuma ce.

Lissafin araha

Hausawa na cewa araha ba ta ado. A ɗauka, a matsayin misali, sabuwar taya mai matsakaicin suna naira 60,000 ce kuma za ta yi shekara uku. Kowane wata ta ci ƙasa da naira 1,700. Ta hannu a naira 25,000 da za ta yi wata goma ta ci 2,500 a wata, ban da kuɗin faci da fargaba.

Wanda kuɗinsa bai kai na huɗu ba zai iya sayen biyu iri ɗaya, masu girma ɗaya, ya ƙara biyu bayan albashi na gaba ko kwasar adashi. Kamfanonin taya suna ba da shawarar a ɗaura sababbin a baya, ko da motar da ƙafar gaba take ja, domin idan baya ya zame ko ya fashe, shawo kan mota ya fi wuya.

Bayan an saya

Sanyin asuba yana rage iskar taya, kusan awo ɗaya a duk saukar digiri biyar zuwa shida. Tayar da iskarta ta gaza takan yi zafi a doguwar tafiya har ta fashe. A auna da safe kafin mota ta yi nisa, a bi awon da ke jikin ƙofa, ba wanda mai faci ya saba bugawa kowa ba. A sa makanike ya saita ƙafafun motar don kada tayar ta ci gefe ɗaya, a kuma duba tayar ajiya da jak.

Idan kuma ƙaddara ta sa taya ta fashe a hanya, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada a danna birki da ƙarfi har sai gudu ya ragu.