Sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi: Abin da za ka duba kafin ka kama hanyar Kano

Ranar da ƙanena ya gama haɗa kwamfutar da zai buɗe shagon buga takardu da ita a garin Gwarzo, har maƙwabta sun taru su ga tashinta. Ya danna makunni, fanka ta juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kashe ya sake kunnawa, haka dai. Sai ya waiwayo ya ce da ni, "Yaya, an cuce mu."

Kuɗin amfanin gonarsa na shekara guda ne a cikin akwatin nan. Ɗaya-ɗaya ya sayo kayan a Kano, wasu sababbi a kwali, wasu na hannu, domin hakan ya fi sauƙi a aljihu kan sayen haɗaɗɗiya.

Ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, buga takardar shiga jarrabawa da duba sakamako suka zama sana'a har a ƙananan garuruwa. Ga kuma ɗaliban Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo, wadda ke ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, masu neman inda za a buga musu ayyukan makaranta. Sai dai kasuwar kayan tana birni, a wurare irin su titin Beirut, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo. Duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya saɓe ta a mota ya koma wurin mai kaya. Ga kuɗin mota, ga asarar yini, ga cacar baki da mutumin da zai rantse cewa lafiya lau kaya suka bar shagonsa.

Mu ma hanyar muka kama, sai muka ce bari mu tsaya a Kabo wurin wani mai gyara da aka yi mana kwatance. Bai yi minti 15 ba ya gano matsalar. Wayar da ke kai wa furosesa wuta, mai baki 8, tana nan a naɗe a bayan akwati, ba a jona ta ba. Ya soka ta, ya danna, rubutu ya fito. Ko sisi ba a cuce mu ba.

Abin da na koya a shagon shi ne, ba a yi wa kwamfutar da ta ƙi tashi hukunci da zato. Ana bin ta daki-daki, kuma alamar da ta nuna ita ke faɗin inda za a fara.

Idan ba ta motsa ko kaɗan ba

Fara daga bango. Gwada soket ɗin da wani abu, ka kuma tabbata makunnin da ke bayan akwatin wutar kwamfutar, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, yana kunne. A nan akwai tarko ga masu sayen na hannu. Wasu tsofaffin fawa-fak suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Wanda ya jona ta a nan alhali maɓallin na kan 115, ƙara da hayaƙi zai gani.

Daga nan sai babbar waya mai baki 24 da ke shiga modabod, wato faifan da duk sauran kayan ke zaune a kai. Dole a danna ta har sai maƙallinta ya kama. Sai 'yan siraran wayoyin da suka taho daga makunnin gaba, waɗanda sabon hannu ya fi ruɗewa a kansu. Masu gyara kan taɓa ƙusoshin makunnin guda biyu da bakin sukudireba na ɗan lokaci. In ta tashi, laifin na makunni ne ko na jonin wayarsa. In har yanzu shiru, a duba ko an sa 'yan tagullan da ke ɗaga modabod daga jikin akwati, domin in faifan ya kwanta a kan ƙarfe wuta za ta haɗu.

Idan fanka na juyawa amma allo baƙi

Bayan wayar furosesa irin wadda ta wahalar da mu, wanda aka fi kamawa da laifi shi ne RAM. Kashe wuta, zare shi, mayar da shi ka danna sosai har maƙallan su rufe. In guda biyu ne, gwada ɗaya-ɗaya. Kada a tilasta wanda ya ƙi shiga. DDR3 na da baki 240, DDR4 na da 288, kuma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba.

Sai wayar allo. In ka sa katin hoto na daban, a jikinsa za ka jona ta, ba a jikin modabod ba. In kuma ba ka da katin, duba sunan furosesarka. Na kamfanin Intel da lambarsu ta ƙare da harafin F ba sa fitar da hoto da kansu, komai lafiyarsu.

Wasu modabod na da ƙananan fitilu huɗu da ke nuna inda binciken farko ya tsaya, wasu kuma ƙara suke yi in an sa musu 'yar lasifika. Littafin da ya zo a kwali ne ke fassara su. Modabod na hannu kuma yakan zo da saitin tsohon mai shi. Cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna bayan an zare wuta, yana mayar da saitin yadda ya fito daga kamfani.

Idan rubutu ya fito amma ta tsaya

Wannan albishir ne, domin kayan na aiki. Sabuwar ma'ajiyar bayanai fayau take zuwa, sai an ɗora mata Windows ko makamancinta. A nan ma a lura. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana buƙatar kariyar TPM 2.0 da tsofaffin modabod da yawa ba su da ita.

Hunturu da wuta

A busasshiyar iskar hunturu, ɗan tartsatsin da mutum kan ji in ya taɓa ƙarfe ya isa ya lalata RAM ko modabod. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kowane abu, ka kuma riƙe shi ta gefe. Wutar da ke hawa da sauka, ta layi ko ta ƙaramin janareta, na iya sa lafiyayyiyar kwamfuta ta tashi ta mutu, don haka kuɗin sitabilaiza ko UPS na cikin kuɗin kwamfuta.

Mai gyaran na Kabo ya ba mu shawarar da na so a ce mun ji tun farko. Tun a shagon mai kaya, a haɗa modabod da furosesa da RAM da fawa-fak a kan kwali, a kunna, ka ga rubutu da idonka kafin ka biya, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya. In daga baya sai an koma Kano, da abu ɗaya da aka tabbatar ya mutu za ka tafi a aljihu, ba da akwati guda a ka ba.

Ƙanena ya biya ladan gyara, muka juya Gwarzo kafin la'asar. Washegari ya buga wa wata ɗaliba takardarta ta farko.