Manzon Sinari: Yadda Matasa Ke Karanta Siyasar Magana Jari Ce

A Zariya Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce a 1936, a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Rupert East, aka buga shi kashi uku. Shekaru da dama ana ɗaukarsa littafin hira da koyon karatu. Yanzu kuwa, a majalisun shayi na Tudun Wada da tsakanin ɗaliban harabar Kongo, gardamar da ake yi a kansa ta siyasa ce: wa ya jawo yaƙin Sinari da ke cikin labarin, kuma me kowa ke nema?

Waya ce ta fara kawo wannan sauyi. Wanda ba ya zama da littafi yana sauraron karatunsa a YouTube yana ɗinki ko yana jiran fasinja. Littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun saba wa kunne da sarakuna da manzanni da cin amana. Sai kuma zamanin kansa: matashin da ya ga sauya sheƙa a kowace kakar zaɓe ba ya bukatar a fassara masa Waziri, maci amanar da ke cikin littafin.

Nan ne nake ganin karatun ya karkace. Kowa Waziri yake tsine wa, alhali ƙofar da ya bi Sarki Abdurrahman ne ya buɗe ta. Sarkin Sinari ya aiko da wazirinsa yana neman a haɗa 'yarsa Sinaratu da Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, aure, wato tayin ƙawance ne tsakanin ƙasashe biyu. Ana iya ƙin tayi a sallami manzo da tukuici da kalma mai daɗi. Sarki Abdurrahman ya wulakanta manzon, aka ɗaura yaƙi. Wazirin Sarki Abdurrahman, mai kwaɗayin gadon sarauta, ya sami abokin ƙulla makirci a waje, abin da da ba shi da shi. Aku kuma, da ke riƙe Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, aikin jakada yake yi: sayen lokaci da baki.

Amfanin wannan karatu a fili yake, don yana koya wa yaro tambayar manufar mai magana. Illarsa ita ce ana saurin liƙa wa kowane mataimaki ko mashawarci sunan Waziri, a wanke shugaba tas. Malaman Hausa da ke koyar da littafin su riƙa tsayawa a kan zuwan manzon Sinari kafin su wuce ga labaran aku.