Injin kwale-kwale ya ƙi tashi da sanyin safiya?

Mai kiwon kifi a keji cikin dam, in inji ya ƙi tashi, kifinka sun rasa abincin safe. Kafin ka nemi bakanike, duba: jar igiyar kashe inji tana maƙale? Giya tana firi? Sassauta mashigar iskar murfin tanki, ka matsa ƙwallon tiyo har ya yi tauri. Da hunturu fetur ba ya saurin kamawa, don haka ja cok. Yana tashi ka mayar.

Shiru har yanzu? Kwance fulogi. In ya jiƙe, mai ya yi yawa: goge shi, ka ja ba cok. In a bushe yake, mai bai iso ba, duba tiyo da kafireta. Sabon fulogi ma bai ba da wuta ba? To, nan kam aikin bakanike ne.